Na'urar awo ta ƙi kamawa a hanyar Wamakko: taurarin sama ke faɗa ko matsalar tana ƙasa?

Mai Awo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masana, don abin ya sha mini kai kwana ukku ke nan. Muna yanka fulotai a wani hili can hanyar Wamakko. Na'urar da nike aiki da ita mai kai biyu ce, guda a girke ta wuri ɗaya, guda a ɗora ta bisa sanda ana yawo da ita. Da sahe tana kamawa lahiya lau, taurari sun hi talatin, kuskure bai wuce santimita biyu ba. Sai wajen ƙarhe sha ɗaya, kwatsam taurarin su zube kamar an wanke allo. A yi minti ashirin ko rabin sa'a tsaye cikin rana, sannan su dawo. Jiya sau huɗu ta yi mini haka. Abokin aikina ya ce tun da China ta cika sama da nata taurari, siginarsu ke bugun ta Amurka, don duk lamba ɗaya suke. Na buɗe takardar na'urar, ga shi kuwa a rubuce: GPS na Amurka 1575.42, Galileo na Turai 1575.42, BeiDou na China ma 1575.42. To ya za a yi tashoshi ukku su yi magana kan lamba ɗaya ba su hau juna ba? In kashe BeiDou in bar GPS kaɗai?

Ɗalibin Dundaye: Wa alaikumus salam Yaya. Kashe shi kawai, ai wannan a fili yake. Ko a rediyo in tasha biyu suka haɗu wuri ɗaya ba ka jin ko guda. Kuma China da Amurka ba sa ga maciji da juna, mu da ke ƙasa mu ne ciyawar da giwaye ke tattakewa.

Baba Safiyo: Mu da munka yi awo da sarƙa da tiyodolait ba mu taɓa jiran tauraro ba, sai dai mu jira rana ta yi sanyi. Ɗana, duba batir tukuna. Zahin Sakkwato ko mutum shina ɗaukewa, balle ƙarhe.

Mai Awo: Na duba Baba. Batir sabo ne, har laima na kafa ma ta girken.

Malamin Fizis: Wa alaikumus salam. Kada ka kashe BeiDou, ba shi ya yi maka laifi ba. Haɗuwar da ka gani a kan megahaz 1575.42 ba tsautsayi ba ne, zama aka yi aka shirya ta, don eriya ɗaya da na'ura ɗaya su iya jin kowa.

Misalin rediyo da ɗalibinmu ya kawo bai zauna ba a nan. Ku tuna makarantar allo da dare. Almajirai talatin a gindin wuta ɗaya, kowa na karanta allonsa da ƙarfi, mai wucewa a hanya ba ya jin komai sai gunji. Amma Malam na zaune, sai ka ji ya ɗaga murya ya gyara wa yaron da ke can ƙarshe wasali ɗaya. Ya aka yi ya ji? Ya haddace abin da yaron ke karantawa tun kafin yaron ya buɗe baki, kunnensa na bin wannan karatun, sauran kuwa sun zame masa hayaniya. To haka na'urarka take. Kowane tauraro yana da nasa jerin lambobi da ba na kowa ba. Na GPS na farar hula guntaye 1023 ne, yana ƙarewa ya sake farawa sau dubu a daƙiƙa guda. Na'urar ta haddace jerin kowa, tana biya shi a cikinta tana gwamawa da abin da eriya ta jiyo har su hau kan juna, daga jinkirin da ta samu kuma ta lissafa nisa.

Gaskiya ne duk almajirin da aka ƙara yana ƙara gunjin, kuma injiniyoyin waɗannan ƙasashe suna lissafa wannan ƙarin. Amma kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya zubar maka da taurari talatin lokaci guda ba. Taurarin GPS suna nisan kilomita kusan 20,200, na Galileo sun haura 23,000. Abin da ke isowa eriyarka, ka raba wat ɗaya gida biliyan, ka ɗauki kaso ɗaya ka sake raba shi gida miliyan, bai ma kai wannan ba. Duk raɗa suke yi, da na China da na Amurka. Wanda zai hana Malam jin kowa shi ne wanda ya tayar da injin niƙa a ƙofar makarantar.

Ɗalibin Dundaye: Allah ya gafarta Malam, in babu matsala me ya kawo rigima? Na karanta cewa an yi shekaru ana ja-in-ja tsakanin Amurka da Turai a kan Galileo. Ruwa ba ya tsami banza.

Malamin Fizis: An yi rigima, ba na musu. Amma ka duba a kan me. Da Turai ta fara tsara Galileo, wani sashe na siginarsa zai zauna ne a daidai inda Amurka ta ajiye sabuwar siginarta ta soja. Ba wai ɗaya za ta hana a ji ɗayar ba. Damuwar Amurka ita ce, in yaƙi ya tashi tana son ta iya toshe wa abokan gaba duk wata sigina a fagen daga, tata ta soja kuma ta ci gaba da aiki. In ta Turai na zaune a kan tata, ba ta da yadda za ta toshe waccan ba ta toshe kanta ba. Da wannan aka yi ta fama har aka sa hannu kan yarjejeniya a ƙasar Ailan a watan Yuni na 2004, Turai ta gusar da tata. A 2007 kuma suka amince da fasali ɗaya na siginar farar hula a wannan lambar da Mai Awo ya gani a takardarsa.

Abin dariyar, sai aka yi wa Turai irin abin da ta so yi. China da farko ta sa kuɗi a aikin Galileo, daga baya ta juya ta gina BeiDou nata, siginarsa kuma ta zo ta hau inda Turai ta keɓe wa hukumomin tsaronta. A hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba, rajistar zango, wato lambar da sigina za ta zauna a kai, ba ta tsayawa a takarda, sai ka harba tauraro ya fara amfani da shi kafin wa'adi ya cika. Shi ya sa Turai ta yi gaggawar harba wani ƙaramin tauraro, GIOVE-A, a Disamban 2005, don kada zangon ya suɓuce mata. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, shi ne kuma ya ƙera mana NigeriaSat-1 da aka harba a 2003. Kamar mai fuloti ne da ya yi sauri ya zuba bulo kafin a ƙwace.

Yau kuwa akwai kwamitin ICG a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2005, inda masu taurarin ke zama duk shekara. Amurka da China ma, da duk rashin jituwarsu, a ƙarshen 2017 sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa siginoninsu na farar hula ba sa cutar juna, kuma ana iya haɗa su a na'ura ɗaya.

Ɗalibin Dundaye: Sanarwa dai takarda ce Malam.

Injiniya Uwargida: Sannunku. Yanzu na taso daga aiki na tarar da saƙonni jibge. Ƙanena Mai Awo, kafin mu hau sama bari mu duba ƙasa. Amsa mini waɗannan. Lokacin da abin ya faru, GLONASS, wato taurarin Rasha, shi ma yana zubewa ko yana nan? A allon da ke nuna ƙarfin sigina, zangon L1, wato inda 1575.42 take, shi kaɗai ke faɗuwa ko har sauran zangunan, L2 da L5? Taswirar wayarka tana aiki a lokacin? Sannan fitilar rediyon da ke haɗa ta girke da ta yawo tana ci gaba da ƙyaftawa?

Mai Awo: Sannu da aiki Anti. GLONASS ma shina zubewa. L1 duk sanduna sukan kwanta ƙasa, na L5 akwai saura amma na'urar ba ta yarda ta ba da awo. Wayata ma ɗigon ya daskare wuri ɗaya. Fitilar rediyo kuwa tana ƙyaftawa yadda ta saba.

Injiniya Uwargida: To ɗalibinmu ga amsarka, ba daga takarda ba. GLONASS na Rasha ba ya kan 1575.42. Shi nasa tsarin daban ne, yana can wajen megahaz 1602, kuma kowane tauraro da 'yar tasa lambar, tazarar da ta ɗan haura rabin megahaz tsakaninsu. Da BeiDou ne ke danne GPS don suna lamba ɗaya, da GLONASS ya tsira. Abin da ya kwantar da su gaba ɗaya, ya kuma kama waya, ya bar L5 da ke can 1176.45, abu ne mai faɗi, mai ƙarfi, kuma yana kusa da kai. An bar jaki ana dukan taiki.

Waɗanda nake zargi ga su. Na farko busta, ko ta eriyar talabijin ko ta ƙara sabis ɗin waya irin waɗanda ake sayowa ba rajista. In ta lalace takan riƙa fitar da ƙara a inda ba a aike ta ba. An taɓa yin haka a wata tashar jiragen ruwa da ake kira Moss Landing a Kalifoniya a 2001: GPS ya ɗauke a tashar, aka yi ta bincike, ashe bustar eriyar talabijin ce a cikin wani jirgin ruwa da ke ɗaure. Na biyu tashar watsa shirye-shirye da matatarta ta yi rauni. Duk na'urar watsawa tana fitar da 'ya'yan sauti a ninki biyu, ninki uku na lambarta. Ku ninka 525 sau uku, kun samu 1575, kuma 525 tana cikin tasha ta 27 ta talabijin. Amma waɗannan biyun ba sa zuwa su tafi kamar mai ziyara. Naka yana zuwa, ya yi rabin sa'a, ya tafi. Wato yana da ƙafa, ko in ce yana da taya. Akwai motoci masu shiga da fita kusa da filin?

Mai Awo: Akwai gini da ake yi a maƙwabta. Tifofi na kawo yashi da jar ƙasa.

Alhaji Ɗan Illela: La ilaha illallahu! Injiniya tsaya nan, kin taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ina da motoci da ke ɗaukar albasa zuwa Kudu, na sa musu tiraka duka. Akwai guda da kullum in ta wuce Tambuwal sai ta ɓace daga waya, sa'a ukku, sa'a huɗu, sai ta ɓullo can gaba. Na kira masu tirakar sunka ce sabis ne babu. Na yarda, don hanya ce. Sai ran nan yaron mota ya kwarmata mini cewa direban na da wani ɗan abu baƙi mai 'yar eriya, da shike soka shi wurin kunna taba. Shina sokawa motar ta ɓace, ya je ya yi lodin gefe. Ni na ɗauka motata kaɗai abin ke makantawa.

Injiniya Uwargida: Ranka ya daɗe, ba motarka kaɗai ba. Abin ba shi da hankalin da zai san wace eriya ce ta maigida. Ihu kawai yake yi a zangon gaba ɗaya, duk wanda ke kusa ya kurumce, daga mita kaɗan har ɗaruruwan mitoci, gwargwadon ƙarfinsa da yanayin wurin. A Amurka akwai direban da ya riƙa amfani da irinsa don ɓoye wa kamfaninsu inda yake, a 2012 aka kama shi kusa da filin jirgin sama na Newark yana rikita na'urar da ke taimaka wa jirage sauka. A 2013 hukumar sadarwarsu ta yanka masa tarar kusan dala dubu 32. Shi bai ma san da jirgi ba, maigidansa kawai yake gudu.

Ku yi tunanin irin wannan tifa tana bin hanyar filin jirgin Sultan Abubakar III lokacin jigilar alhazai. Jirage suna da wasu na'urorin ƙasa da suke dogara da su, ba GPS kaɗai ba, amma ba abin wasa ba ne. Kuma ba jirgi kaɗai ba: turakun sadarwa da yawa daga GPS suke karɓar agogonsu.

Ɗan Mabera: Ni fa ina ganin kuna zagaye-zagaye. Ba jami'an tsaro ne ke toshewa ba saboda 'yan bindiga? Ai a 2021 an kashe sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan.

Admin: Jama'a a yi hattara, ba ma yaɗa zato a kan harkar tsaro a wannan zaure. Wanda ke da ilimi ya bayar, wanda ba shi da shi ya saurara.

Injiniya Uwargida: Admin bari in amsa ɓangaren fasahar kawai, don mutane da yawa na haɗa su. Kashe sabis daban, toshe GPS daban. A watan Satumba na 2021 turakun waya aka kashe. Taurari ba su san an yi ba. Wanda ya sauke taswira a wayarsa tun da wuri, ɗigonsa ya ci gaba da tafiya a Isa ko Sabon Birni, sai dai ya ɗan jima kafin ya kama, domin waya takan karɓi bayanin inda taurari suke ta intanet don ta yi sauri. Na'urar GPS saurare kawai take yi, ba ta aika komai sama. Tirakar Alhaji ce ke buƙatar biyun: GPS ya gaya mata inda take, layin waya ya kai masa labari.

Mai Awo: Na gode Anti. Amma akwai wani abu da ban hwaɗa ba. Satin da ya wuce mun bar ta girken ta kwana tana ɗaukar bayani a kan wata shaidar awo ta siminti cikin gari. Da munka zo sarrafawa, daga bayan magariba zuwa wajen sha biyun dare bayanin duk ya yayyage, taurari na kamawa suna saki. Can babu tifa.

Malamin Fizis: Wannan kuma wani ciwon ne daban, kuma shi kam daga sama yake, sai dai ba China ba ce. Akwai wani rufin iska mai ɗauke da caji, ɗaruruwan kilomitoci a samanmu, wanda dole sigina ta ratsa shi. Najeriya tana kan ɗamarar maganaɗisun duniya, inda wannan rufin ya fi rikici. Rana na faɗuwa sai ya riƙa yin kumfa-kumfa, sigina in ta bi ta ciki sai ta riƙa rawa, kamar yadda kwalta ke rawa a ido da tsakar rana a watan Afrilu. Ya fi tsanani daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, kuma yana ƙaruwa in rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11. A watan Mayu na 2024 guguwar rana ta sa manoma a Amurka suka ajiye taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka.

Yadda za ka bambanta su: wannan yana ɗaukar taurari ɗaya-ɗaya, na wani sashen sama, wasu su saki wasu su riƙe, kuma yana taɓa duka zangunan. Na rana da ka ba mu labari ya kwashe kowa lokaci guda a zango ɗaya. A nan ma ka ga amfanin barin BeiDou da Galileo a kunne. In kumfa ta rufe maka gabas, kana da wasu a yamma. Da GPS kaɗai ka bari, da daren nan ba ka tsira da komai ba.

Ɗalibin Dundaye: To Malam na sauko rabi. Amma in agogon kowa daban ne, taswirar kowa daban ce, ta yaya na'ura ke haɗa su ba ta yi ƙarya ba?

Malamin Fizis: Yanzu ka yi tambayar ɗalibi. Masu wannan fanni suna raba maganar gida biyu. Akwai zaman lafiya, wato kada siginata ta cuci taka. Akwai kuma aiki tare, wato a haɗa tawa da taka a samu abin da ya fi na kowa shi kaɗai. Na biyun ya fi wuya. Agogon GPS yana gaban agogon duniya da daƙiƙa 18, na BeiDou yana bayan na GPS da daƙiƙa 14, na GLONASS kuma yana bin lokacin Mosko. Waɗannan manyan bambance-bambancen sanannu ne, cire su ba wuya. Ɗan abin da ya rage ne ke da haɗari, domin sigina tana cin mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Shi ya sa da tsari ɗaya taurari huɗu sun isa, amma in ka haɗa tsari biyu na'ura takan nemi na biyar don ta lissafa saɓanin agogon da kanta, ko ta karɓi gyaran da taurarin ke aikowa. Taswirorin kuwa, WGS84 na Amurka, PZ-90 na Rasha, CGCS2000 na China da na Turai, an daidaita su da ma'auni ɗaya na duniya, saɓaninsu 'yan santimitoci ne.

Kuma kowa yana da ranar tuntuɓensa. GLONASS ya yi kusan sa'a 11 yana ba da bayanin banza a Afrilun 2014, Galileo ya yi kusan mako guda a kwance a Yulin 2019. Wanda na'urarsa ke jin kowa, aikinsa bai tsaya ba.

Baba Safiyo: Malam ka yi bayani, Allah shi ƙara sani. Amma ni rashin jituwar da nis sani ba ta sama ba ce, tana cikin durowar ofis. Tsohhin taswirorinmu duk a kan ma'aunin Minna anka yi su. Yaran yanzu su ɗauko lambobi daga na'ura a kan WGS84, su ɗora bisa tsohon zane ba su juya ba, sai hili ya yi tsalle da gomman mitoci ya hwaɗa gonar maƙwabci. Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun kai juna gaban alƙali a kan wanga. China da Amurka sun daidaita nasu har santimita, mu tsakanin zanen uba da awon ɗa ba mu daidaita ba. Ɗana Mai Awo, hilin ga da kake yankawa, a kan wane ma'auni tsohon zanen shike?

Mai Awo: Minna ne Baba. Na juya, amma da lambobin da sunka zo cikin na'urar.

Baba Safiyo: Kada ka yarda da su ido ruhe. Nemi shaidun gwamnati biyu ko ukku na kusa, ka hau kansu ka gani in sun yi daidai, sannan ka dasa siminti.

Injiniya Uwargida: Maganar Baba a rubuta ta. Ƙanena, gobe ga aikinka: ka riƙe takarda, duk lokacin da taurari suka zube ka rubuta ƙarfe nawa, ka ɗaga kai ka ga wace mota ce ta shigo. In ya faru, ɗauki ta yawon ka yi tafiya nesa da ginin kana kallon sandunan. In suna tashi kana nisa, suna kwantawa kana matsowa, ka gama bincike.

Ɗalibinmu kuma, in kana son rigimar zango ta gaske ka karanta labarin LightSquared. Kamfani ne a Amurka da ya so kafa turakun intanet masu ƙarfi a zangon da ke maƙwabtaka da na GPS. Bai shiga gonar GPS ba, a tasa gonar yake, amma gwaji ya nuna ƙarfinsa zai kurumtar da na'urori masu yawa, musamman irin na masu awo, don kunnensu a buɗe yake sosai. A Fabrairun 2012 hukuma ta taka masa birki. Ka ga nan ma daga ƙasa ne. L5 ɗin ma da ya tsira a wurin Mai Awo zaman haya yake yi da na'urorin auna nisa na filayen jiragen sama, har ITU ta sa wa taurarin duka iyakar ƙarfin da za su haɗu su zubo a wannan zangon tun 2003.

Alhaji Ɗan Illela: Mu dai muna jiran labarin tifa.

Mai Awo: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Ga rahoto. Yau sau ukku ta zube: 10:50, 12:35, da 2:10. Duk ukkun tifa guda ce, mai shuɗin kai. Sauran tifofi sun shiga sun hita ba abin da ya faru. A na ukkun na yi yadda Anti ta ce, ina nisa sanduna na tashi. Sai na je na yi wa direban sallama, dattijo ne ma, na ce Baba don Allah akwai wani abu da ka soka wurin kunna taba? Ya dube ni ya dube ni, ya ce wa ya aiko ka. Na rantse mashi ba kowa, na nuna mashi allon. Ya sa hannu ya zare abin. Wallahi ko minti guda ba a yi ba taurari 34 sunka dawo. Shi kanshi sai da ya riƙe baki. Ya maida, sunka zube. Ya zare, sunka dawo. Har yaran ginin sunka taru suna kallo.

Ya ce shi ba ɓarawo ba ne. Maigidansu na yanke mashi kuɗi in tiraka ta nuna ya tsaya ya wuce minti goma, ko sallah ya tsaya ko abinci, shi ya sa wani ya sayo mashi abin.

Alhaji Ɗan Illela: Duk haka suke cewa! Kai dai ba ni lambar motar in nemo mai ita.

Admin: Ba a sa lambar motar kowa a nan, Alhaji.

Injiniya Uwargida: Ranka ya daɗe, wata tirakar ma ku masu motoci kuna sa ta inda ba ta kamata ba, mutum ya tsaya sallah a ce ya yi laifi. Amma ƙanena ka gaya wa dattijon gaskiya: na'urar da ke watsa sigina ba da izinin hukumar sadarwa ta NCC ba laifi ce a dokar sadarwa, kuma ranar da ya bi da ita ta inda bai kamata ba, ba maigidansa ne zai tare shi ba. Tsakaninsa da maigidansa a zauna a yi magana.

Ɗalibin Dundaye: Na yarda da ta tifa. Amma ranar da manyan suka yi faɗa na gaske, ai kowa zai kashe wa kowa.

Malamin Fizis: Wannan kuma ka zo ofis da ita ranar Litinin, ka taho da aikin da na ba ku tun makon jiya.

Mai Awo: Mun yi da direban zai riƙa zarewa in ya shigo layin, ni kuma na maida awon kusurwoyi bayan asuba kahin tifofi su hito. Baba, na hau shaida biyu kamar yadda ka ce. Guda ta yi daidai, guda ta kauce da kusan rabin mita, kuma simintin kamar an taɓa tone shi.

Baba Safiyo: An gusar da ita, ba shakka, masu gini ba su barin shaida ta zauna lahiya. Kada ka yi aiki da ita. Biyo ta gida bayan la'asar da tsohon zanen, akwai ta ukku bayan makarantar hiramare da ba kowa ya san da ita ba, in tuna maka wurin.